Barci ya sace ni daren gadi, aminina ya kore ni daga fadar da na gina

Yaya, barka da aiki.

Ina da wata damuwa da nake jin kunyar faɗa wa kowa, don duk wanda ya ji zai ce wasan yara ne. Shekaruna 26, ina aiki da rana. Mu huɗu ne muke buga V Rising tare, wasan nan da mutum yake zama mai shan jini, ya farka daga akwatin gawa ba shi da ko tsinke, ya yi ta saran itace da fasa dutse har ya gina fada. A cikinmu akwai aminina, wanda muka taso tare tun muna firamare. Shi ya kafa ƙungiyar, shi kuma ya zaɓi sabar, wato duniyar wasan da 'yan wasa ke haɗuwa a cikinta ta intanet, irin wadda ake kai wa juna hari. A sabar an ware awa biyu kowane dare, daga sha ɗaya zuwa ɗaya, da ake iya fasa fadar mutum. Sai muka raba kwana, kowa da daren da zai yi gadi.

Ni ne maginin. Wata biyu na yi ina aikin fadar nan: hawa uku, ɗakin maƙera daban, ɗakin saƙa daban, har da lambu a tsakar gida. Su ukun faɗa suka fi so. Su fita su dawo su zube kaya a ƙofa, ni in bi in jera.

Daren Talata nawa ne. Na dawo daga aiki a gajiye, na ce bari in ɗan kishingiɗa na minti goma. Sai farkawa na yi da safe na tarar da kira 14. An zo da dodon dutse an fasa bangon gabas, an kwashe akwatunanmu, an kashe barorinmu, fursunan nan da muke shan jininsa, mai jini mafi inganci, ɗari bisa ɗari, da muka sha wuya kafin mu same shi, shi ma babu shi. Da suka tambaye ni sai na ce intanet ɗina ne ya yanke. Ƙarya na yi. Aminina ya rubuta a guruf, a gaban sauran, cewa dama ni ba abin dogaro ba ne, tun muna yara haka nake. Daga nan ya cire ni daga ƙungiya. Da yake shi ya dasa zuciyar fadar, wato tushen da ke ba wanda ya dasa shi mallakar fadar, yanzu ko ƙofar gidan da na gina da hannuna ba ta buɗe mini. Yau kwana tara ba mu yi magana ba.

Abin da ya fi ɗaure mini kai, ranar da ya kore ni raina ya ɓaci ƙwarai, amma a daren na yi barcin da na manta rabona da irinsa. Kafin nan sau biyu ana yi mini kashedi a wurin aiki saboda makara. Yanzu ɗaya daga cikin sauran biyun ya ce in ba shi haƙuri kawai a mayar da ni. In ba da haƙurin in koma, ko in goge wasan in huta? Ba na son in rasa aminina a kan gem.

Ƙaninka, magini mara gida.

*

Ƙanena,

Ba za ka ji "wasan yara ne" daga bakina ba. Ni ma na buga shi, na san yadda yake riƙe mutum. Har yau ina tuna wata safiya a dajin Farbane, jakata cike da tagullar da na ɓata daren wasan gaba ɗaya ina fasawa, gari ya waye mini nesa da gida. Na raɓe a gindin wata bishiya ina kallon inuwarta tana janyewa daga ƙafafuna sannu a hankali, don a wasan nan rana tafiya take yi, inuwa na bin ta. Wani siririn haske ya sauko a kaina, na zabura zan kai bishiya ta gaba, ban kai ba. Na ƙone ƙurmus, tagullar ta zube a wurin. Na fi minti biyar ina huci a gaban allo, ni da furfura ta fara leƙowa a gemuna. To in tagullar dare ɗaya ta yi mini haka, ina ga wanda aka garƙame wa ƙofar ginin wata biyu?

Amma duk tsawon wasiƙarka, layi ɗaya ne na karanta sau uku: wanda ka ce a daren da aka kore ka, ka yi barcin da ka manta rabonka da irinsa. Ranka ya ɓaci, jikinka kuwa ajiyar zuciya ya yi. Ka riƙe wannan, don ya amsa rabin tambayarka tun kafin ka aiko ta.

Bari mu fara da abin da ku huɗun kuka shiga, wanda nake zaton babu wanda ya zauna ya auna shi. Kamfanin da ya yi V Rising, Stunlock Studios, yana wani ƙaramin gari ne mai suna Skövde a ƙasar Suwidin. Kafin wannan wasan, wasannin fage aka san su da su, Bloodline Champions da Battlerite: a zuba 'yan wasa a fili, su gwabza na 'yan mintuna, a tashi. Da suka fitar da V Rising a watan Mayun 2022, tun bai kammala ba, sai suka ɗauko wannan gwabzawar suka haɗa ta da gini da tara kaya, kuma cikin mako guda aka sayi kwafi miliyan ɗaya. Cikakkensa sai a Mayun 2024 ya fito. Na kawo maka wannan ne don ka ga wasa biyu ne aka ɗinke a riga ɗaya. Akwai na mai son ya kauce wa sara da ƙiftawar ido ya mayar da martani. Akwai kuma na mai son ya shimfiɗa daɓen maƙera a ɗakin maƙera, saboda ya san ɗaki mai bango da rufi yana sa aiki ya yi sauri, daɓen da ya dace kuma yana rage kayan da ake ci wajen ƙira. Amininka na farkon yake bugawa, kai na biyun. Wata biyu kuna gida ɗaya, kowa na buga nasa, kuna zaton abu ɗaya kuke yi. Shi in an fasa fada, cin sa aka yi da yaƙi, abin kunya ne a gaban abokan gaba, gobe sai ya rama. Kai in an fasa, ɗakinka aka shiga.

Sai batun agogo, wanda nan ne gizo ke saƙar. Yini da daren cikin wasan, in ka haɗa su, ba su kai minti 20 ba, kuma da zarar ka shige akwatinka ka fita, babu ruwanka da su. Zuciyar fada kuwa ba ta san ka fita ba. A sabar da ke kunne dare da rana, tana shan tataccen jinin da ka zuba mata ko kana nan ko ba ka nan, in ya ƙare gini ya fara ruɓewa, kariyarsa ta tafi. Wannan ma da sauƙi, don in ka ɗaga darajarta ka cika ta, takan yi kwanaki ba ta nemi ƙari ba, har tana nuna maka lokacin da ya rage. Mugun agogon shi ne na uku, wanda mai sabarku ya saita da hannunsa: sha ɗaya zuwa ɗaya, kowane dare. Awa 14 ke nan a mako da dole wani ya zauna ido biyu yana jiran abin da watakila ma ba zai zo ba. Wannan gadi sunansa, gadin da babu albashi, babu hutu, in ka yi gyangyaɗi kuma a kore ka. Kai kuwa ba daren gadinka kaɗai kake shiga ba. Sauran dararen kana can kana jera kayan da aka zube maka a ƙofa, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Wanda ya tashi daga gaban allo ƙarfe ɗaya, ba ƙarfe ɗayan yake barci ba, sai biyu ta gota yana juyi. Mai shan jinin naka yana da akwatin da zai shige in rana ta fito. Kai in rana ta fito, wurin aiki ake jiran ka.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma naku ya tsage ne tun ranar da kuka yarda da wannan rabon kwanan, ba ranar da dodon dutse ya iso ba. Ko ba daɗe ko ba jima wani a cikinku zai yi barci. Ƙuri'a ce ta faɗo a kan Talata.

Akwai wani abu kuma da nake so ka duba, amma ka ajiye shi a ranka, kada ka mayar da shi makami. Wanda ya kira ka sau 14, idonsa biyu. Mai yiwuwa ba ya kusa da kwamfutarsa, mai yiwuwa ya shiga ya tarar aikin gama ya gama, ban sani ba kuma ba zan yanke masa hukunci ba. Amma ko da kai ɗin kana nan a farke, ka yi tunanin abin da mutum ɗaya zai iya idan ƙungiyar mutum huɗu ta zo da shirinta, ɗaya ya rikiɗe ya zama dodon dutse yana dukan bango, uku suna kare shi. Kai kuma magini ne, ba jarumin gidan ba. Abin da za ka iya shi ne ka ja lokaci ka yi kururuwa. Wannan ma taimako ne, ban raina shi ba, amma kada ka ɗauki asarar duka ka ɗora a kanka kamar da ka farka da bangon yana nan.

Asarar ma, mu ƙirga ta da gaskiya. Abin da kuka samu daga jinin manyan abokan gaba yana jikinku, babu mai kwashe shi: siffar kyarkecin da kuka samu daga Alpha, maƙerar da Quincey sarkin 'yan fashi ya buɗe muku, sihirin da kuka koya, duk suna nan. Barorin da aka kashe ana tayar da su daga akwatunansu. Ƙarfe da azurfa da katako kuwa suna nan inda kuka ɗebo su, Dunley ba ta ƙaura ba, tsaunukan Silverlight ma haka. Fursunan ne kaɗai zan yi maka jaje a kansa, don mai jini ɗari bisa ɗari sa'a ce ke kawo shi, kana iya yin mako kana zagaye ba ka gamu da irinsa ba. Sannan ka je ka duba bayanin sabar taku. Sabobin hari da yawa ana share su ƙaf bayan wani lokaci a sake daga farko, kowa ya koma tsirara a maƙabarta. In taku na cikinsu, to fadar da ake shirin raba abotar shekara kusan ashirin a kanta, dama an rubuta ranar rushe ta.

Yanzu mu zo kan naka laifin, don kana da shi, kuma ba barcin ba ne. Barci ɓarawo ne, ba ya neman izini. Na farko, ka san jikinka a daren nan. Layi ɗaya ya ishe ka: "Yau ba zan iya ba, wa zai karɓe ni?" Ba ka rubuta ba, ina jin don ba ka son a ce ka gaza. Na biyu kuma shi ne babba, ƙaryar. Ramin ƙarya ƙurarre ne, naka kuwa ya fi kowane ƙurewa. In ta manhajar intanet aka yi ta kiran ka, kiran kuma yana shiga, saƙonni suna nuna sun isa, to amininka ya san intanet ɗinka lafiya lau yake tun kafin ka buɗe baki. Mutumin da ya san ka tun firamare ya ji ka yi masa ƙaryar da ake yi wa baƙo. Ba zan yi mamaki ba in wannan ne ya tunzura shi fiye da akwatunan da aka kwashe.

Shi ma yana da nasa, ba kuma ƙarami ba ne. Fushi a kan hari wani abu ne. Amma a tsaya a gaban mutane a ce "tun muna yara haka kake", wannan magana ta bar fada ta shiga wani wuri. Ko dai zafin rai ne ya sa ya ɗauko dutsen da ya fi kusa da hannunsa, ko kuma akwai wani tsohon miki, wata rana da ya jira ka ba ka zo ba, wadda kai ka manta shi bai manta ba. Ruwa ba ya tsami banza. Sannan rufe maka ƙofar abin da ka yi wata biyu kana ginawa, don kawai shi ya riga ka danna maɓallin dasa zuciya, wannan amfani da iko ne a inda bai kamata ba. Ni a ganina ya zarce gona da iri. Kana da haƙƙin gaya masa haka.

Sai dai ba a rana ɗaya da ban haƙurinka ba. Nan ne mutane da yawa suke ɓata gyara: su zo da "yi haƙuri" a baki, da "amma kai ma" a aljihu. Da zarar "amma" ta fito, haƙurin ya tashi daga haƙuri ya koma shari'a.

Ka kuma lura da yadda ɗan sasancin naku ya ƙulla maganar: ka ba da haƙuri a mayar da kai. Da kyakkyawar niyya ya faɗa, na sani, amma ya mayar da ban haƙuri kuɗin shiga ƙofa. In ka bi ta nan, amininka zai ɗauka fadar kake so, kai kuma za ka koma da kai a sunkuye, ka karɓi daren Talata, watakila ma a ƙara maka na Alhamis don ka nuna ka tuba. Ka raba abubuwan nan biyu. Haƙuri na abota ne. Komawa ƙungiya magana ce daban, kuma ba kai za ka ɗauko ta ba.

Ka kira shi da murya, ko ka same shi ido da ido in hali ya yi. Ban da guruf, ban da ɗan aike, ban da dogon rubutun da zai karanta sau biyar yana neman inda ka kare kanka. Abin da za ka faɗa bai wuce wannan ba: "Na kira ne in gaya maka gaskiya. Intanet ɗina bai yanke ba, barci na yi. Na ji kunya na yi maka ƙarya, kuma ƙaryar ta fi barcin damuna. Ka yi haƙuri. Ba don a mayar da ni na kira ba." Daga nan ka yi shiru. Shirun zai yi maka nauyi, za ka ji kamar ka cika shi da bayani, kada ka yi. In ya zazzage abin da ke cikinsa, ka saurara har ƙarshe. In ya ce ba komai a daƙile, ka karɓa a haka, kada ka matsa masa sai ya yi dariya. Bayan kwana biyu ko uku, in kun ɗan sake da juna, sai ka ce masa: "Maganar nan da ka yi ta tun muna yara, ta tsaya mini a rai. Akwai abin da na taɓa yi maka ne?" Ka yi tambayar da niyyar jin amsa, don wataƙila akwai. A nan ne kuma za ka gaya masa cewa rufe ƙofar ya yi maka ciwo. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, kuma abotar da ta kai wannan shekaru tana iya ɗaukar magana mai ɗaci guda biyu.

To, komawa ko gogewa? Ga ra'ayina ƙarara: kada ka koma waccan sabar a kan waccan ƙa'idar, ko da an shimfiɗa maka darduma. Mutumin da aka yi wa kashedi biyu a wurin aiki ba shi da awa biyun tsakar dare da zai ba wa bangon gabas. Amma gogewar ma ban ga dalilinta ba tukuna, musamman gogewar fushi, wadda aka san ƙarshenta: bayan mako uku a sake saukewa.

Abin da 'yan wasa da yawa ba sa tsayawa su duba shi ne, yunwar nan ta zuciyar fada da lokacin hari, duka saiti ne. Ba a haife su da wasan ba yadda ba za a taɓa su ba. Kuna iya buɗe duniyarku ta ku kaɗai. In ɗayanku ne ya ɗauke ta a kwamfutarsa, to da ya rufe wasan komai ya tsaya cak: rana ba ta motsi, zuciya ba ta shan komai, babu mai zuwa da dodo. In kuma hayar saba kuka yi don kowa ya shiga lokacin da ya ga dama, kuna iya rage saurin shan jinin har ku kashe shi gaba ɗaya, ku kashe ruɓewar gini, ku hana fasa fada. Akwai kuma sabobin jama'a masu alamar PvE, inda 'yan wasa ba sa kai wa juna hari, sai dai ka tuna ka cika zuciyar kafin ka yi doguwar tafiya. Ku ware dare biyu a mako, ku sa lokacin shiga da na tashi tun kafin a fara, na tashin ya zama wanda mai zuwa aiki da safe zai iya.

Na san abin da amininka zai ce: to ina faɗan? Akwai amsa. Ku ɗora wahalar wasan a matakin Brutal, inda manyan abokan gaba suke zuwa da sababbin dabarun da ba su da su a matakin da aka saba. Ya je ya gwada ƙwanjinsa da Solarus, da Adam na Gloomrot, da shi kansa Dirakula a ƙarshe, ya dawo ya ba ka labari. In jinin ɗan'uwansa ɗan wasa yake ƙishi, ƙarin da aka yi wa wasan a watan Afrilun 2025, wanda ya kawo dajin Oakveil, ya ba da damar gina fagen gwabzawa a cikin fada. Kai ka gina fagen, su su doki juna a ciki har su gaji, babu akwatin da zai ɓace. Ka ga a nan kowa ya samu wasansa.

Mai yiwuwa duk da haka ya ce a'a, wasan da babu tsoron a kwashe maka kaya ba shi da armashi. Kada ka yi masa gardama, don a wurinsa gaskiya ya faɗa. Wasu wannan faɗuwar gaban suke nema. Kowace saba da nata mai shan jinin, don haka ba sai ya bar can ba kafin ya zo nan. Ya ci gaba da yaƙinsa da waɗanda suke da daren da za su bayar, ya leƙo taku duniyar ran da kuka sa. In ma bai leƙo ba, abotarku ta girmi V Rising da shekaru masu yawa, akwai abin da kuke yi tare kafin 2022. In kuma wata rana kai ne ka ji sha'awar sabar hari, ka nemi wadda aka taƙaita harin a ƙarshen mako, ku gina ƙaramin gida, ku yarda tun farko cewa babu rabon gadi, in an fasa an fasa, babu mai laifi. Ka ma sani, ginin da ke jure hari mummuna ne: bango bayan bango bayan bango, ƙananan ɗakuna kamar saƙar zuma, don a ɓata wa dodon lokaci. Hawa ukun nan naka mai lambu a tsakiya ba don can aka yi shi ba.

Saura abu ɗaya, wanda ya shafe ka kai kaɗai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa matsalar jarabar wasan kwamfuta a kundinta na cututtuka, wanda aka amince da shi a 2019 ya fara aiki a farkon 2022. Alamomin da ta zayyana uku ne: mutum ya kasa iko da lokacin farawa da na tashi, wasan ya hau gaban sauran al'amuran rayuwarsa, kuma ya ci gaba duk da yana ganin ɓarnar. Galibi sai abin ya kai wata 12 yana cutar da rayuwar mutum kafin a kira shi da wannan suna. Kai wata biyu ka yi, ni kuma ba likita ba ne, don haka ban liƙa maka komai ba. Amma kashedi biyu a wurin aiki ya isa a tsaya a duba. Sa'arka ɗaya, an riga an yi maka gwajin ba tare da ka nema ba. Kwana taran nan, me kake yi ƙarfe sha biyun dare? In barci kake, kana isa aiki a kan lokaci, to rabon gadin ne ciwon, kuma an cire maka shi. In kuwa ka riga ka buɗe wata saba a ɓoye kana saran itace har asuba, ko ka koma wani gem ɗin da irin wannan yunwar, to maganar ta wuce ta amininka. A nan zan ce ka ajiye wasan gaba ɗaya na wani lokaci, ka gaya wa wani na kusa da kai, in ya ci tura ka ga masanin lafiyar ƙwaƙwalwa, babu abin kunya a ciki. Ko wanne ne, ka cika kwana taran nan su zama wata guda kafin ka sake taɓa V Rising. A wurin aiki kuma kada ka je da wani bayani, ka dai riƙa isa da wuri har a manta an taɓa yi maka magana.

In ka kira bai ɗauka ba, kada ka rama masa da kira 14. Sau ɗaya, sannan ka tura masa saƙon murya da kalmomin nan da na ba ka, ka bar shi mako guda. Ɗan sasancin kuma ka gode masa, ka ce masa za ka yi maganar da bakinka. Aikin da za ka ba shi daban ne: tunda ƙofar tana buɗe masa, ya shiga ya ɗaukar maka hotunan hawa ukun nan, ɗaki-ɗaki, har da lambun, kafin a share sabar ko a sake fasa ta. Za ka buƙaci tsarin in kun buɗe taku duniyar. A can kuma, ka tabbata kai ne ka dasa zuciyar fadar.

Yayanka.